Yadda Za Ka Gane Ko Kayan Kiɗanka Na Buƙatar Sabwufa, da Yadda Ake Saita Ta

Akwai waƙar da ka ji sau ɗari a sifikunka biyu na falo, har kana ganin babu lungun da ba ka sani ba a cikinta. Wata rana sai ka ji ta a wani wuri, a kayan sauti masu kyau, ka ji ashe akwai wani amo mai kauri a can ƙasa wanda ke ɗauke da waƙar gaba ɗaya, kai kuwa ba ka taɓa jin sa ba. Daga ranar tunanin sabwufa ke shiga ran mutum, wato akwatin nan da aka fi sani da wufa, wanda ba shi da aiki sai fitar da sauti mafi kauri. Shin ta cancanci kuɗinta ga mai jin kiɗa kawai, ba mai kallon fim ba? Ni dai amsata ita ce e, ga yawancin masu ƙananan sifiku, amma da sharaɗi mai nauyi: sai in za ka ba ta yini guda na wahalar neman wuri da saiti. Wufar da aka ajiye inda aka ga sarari, aka murɗe ta son rai, gara babu ita.

Mataki na farko: san abin da kake nema

Ana auna kaurin sauti ko siririnsa da yawan kaɗawar iska a daƙiƙa guda, ana rubuta shi Hz. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana ji daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Wufa tana aiki ne a ƙasan wannan tsani, galibi daga 80 Hz zuwa ƙasa. Wurin kamar ɗan kaɗan ne a lissafi, amma daga 80 zuwa 40 zango guda ne cikakke na kiɗa, daga 40 zuwa 20 wani zangon ne, don kowane zango ninki biyu ne na wanda ke ƙasansa.

Me ke zaune a wurin? Tsirkiya mafi kauri ta jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa a 41 Hz. Mai tsirkiya biyar tana sauka zuwa 31 Hz. Maɓallin ƙarshe na hagu a fiyano 27.5 Hz ne. Babbar gangar da ake bugawa da ƙafa tana yawan zama tsakanin 50 da 60 Hz. Manyan bututun ogan na coci, masu ƙafa 32, suna kai wa 16 Hz, inda jiki ne ke ji, kunne ya gaza. Kiɗan zamani da ake haɗawa a kwamfuta kuwa, wanda ya gaji amon na'urar ganga ta Roland TR-808 da ta fito a 1980, yana yawo sosai tsakanin 30 da 50 Hz. A ɗaya ɓangaren, jita ta gama-gari ba ta sauka ƙasa da 82 Hz, goge irin na Turai, wato bayolin, yana tsayawa a 196 Hz, muryar namiji kuma tana farawa daga wajen 85 Hz. To ka ga tun daga nan amsa ta fara rabuwa. Wanda rabin abin da yake ji murya ce da jita ba zai samu abin da mai jin kiɗan kwamfuta ko ƙungiyar makaɗa mai yawa zai samu ba.

Za ka ce, ai ina jin jitar bes ko a wayata. Gaskiya ne, amma ba ainihinta kake ji ba. Duk amon kayan kiɗa yana tafe da 'ya'yansa: tsirkiyar da ke kaɗawa a 41 tana fitar da 82, da 123, da 164, haka har sama. Ƙaramar sifika tana fitar da 'ya'yan, ƙwaƙwalwa kuma ta cike gurbin uwar da kanta. Shi ya sa kake gane waƙa, kake bin bes ɗin, amma ba ka jin nauyinsa. Abin da wufa ke mayarwa ke nan.

Mataki na biyu: gwada sifikun da kake da su

Kafin ka taɓa aljihu, nemo takardar sifikunka ko ka duba bayanansu a intanet. Za ka ga an rubuta wani abu kamar 55 Hz zuwa 20 kHz, wato 20,000 Hz, tare da ±3 dB, dB kuwa ma'aunin ƙarfin sauti ne. Lambar farko ita ce ta dame mu. Ƙananan sifikun da ake ɗorawa a kan kanta ko ƙafa, masu faifai, wato zagayayyen abin da ke motsi yana tura iska, inci 5 ko 6.5, yawanci suna sarewa tsakanin 45 da 65 Hz. Dogaye masu tsayawa a ƙasa sukan kai 30 zuwa 40. In ka ga lamba ba tare da wannan dB ɗin ba, kada ka ba ta gaskiya sosai, don sifika tana iya motsi a 35 Hz amma da sautin da ba ya kai wa kunne.

Sai kuma gwajin kunne, wanda ya fi takarda. Akwai manhajoji kyauta masu fitar da tsantsar sauti a kowane adadin Hz da ka zaɓa. Haɗa wayarka ko kwamfutarka da amfilifaya, ka sa ƙara daidai yadda kake jin kiɗa kullum, ka zauna a kujerarka. Fara da 120, ka sauko 100, 80, 70, 60, 50, 40, 30. Ka lura da inda sautin ya fara janyewa, da inda ya ɓace. Kada ka ƙara murya don ka tilasta shi ya fito. Ƙaramar sifika, musamman mai ƙofar iska a jikin akwatinta, in aka matsa mata a ƙasa da iyakarta faifanta yakan riƙa fita da shiga ba tare da wani birki ba, kuma a nan ake lalata ta. In a 30 Hz ka ji wani gurnani mai kama da na 60 ko 90, ba 30 ɗin kake ji ba, kukan sifikar ne.

A wannan gwajin za ka gano wani abu da zai ba ka mamaki: sautin ba ya sauka a hankali kamar gangara. Wani adadin zai cika ɗaki har tagogi su yi rawa, na kusa da shi kuma ya yi shiru kamar an ɗauke wuta. Wannan ba laifin sifika ba ne, ɗakin ne. Riƙe wannan, za mu dawo kansa, don a nan gizo ke saƙar.

In kana da abin ji na kunne mai kyau, saurari waƙoƙi uku ko huɗu da ka fi so a cikinsa, sannan ka ji su a sifiku. Abin kunne ba shi da matsalar ɗaki, kuma yawanci yana sauka ƙasa sosai. In bambancin bai dame ka ba, ka huta, ka riƙe kuɗinka.

Mataki na uku: tambayi kanka ko kana cikin waɗanda bai kamata su saya ba

Mai zama a gidan bene ko ɗakin da bango ɗaya ya haɗa shi da maƙwabci ya yi tunani sau biyu. Siririn sauti bango yana tare shi, mai kauri kuwa ratsawa yake yi, ya bi ƙasa da ginshiƙi. Kai kana jin waƙa, maƙwabcinka yana jin dum-dum kawai, kuma babu abin da ke hana barci irin wannan. Haka wanda sifikunsa na asali ba su da kyau, muryar mawaƙi tana fita a shaƙe: wufa ba za ta gyara masa komai ba, ya fara canza sifikun. Mai dogayen sifikun da ke kai wa 30 Hz a ɗaki madaidaici shi ma ba dole ba ne, ko da yake akwai wata riba ta daban da zai iya samu, wadda zan faɗa a batun wuri.

Wanda kuwa ke da ƙananan sifiku masu kyau, yana son ƙara ɗan murya wani lokaci, shi ne ya fi kowa cin riba, kuma ribar biyu ce. Ta farko a fili take, zai ji abin da ba ya ji. Ta biyun ba kowa ya san ta ba. Don a fitar da sauti mai kauri da ƙarfi iri ɗaya, duk lokacin da aka raba adadin Hz biyu, sai faifan sifika ya tura iska ninki huɗu. Ƙaramin faifan nan da ke faman tura 45 Hz shi ne kuma ke ɗauke da muryar mawaƙi a lokaci guda. In ka sauke masa wannan kaya ka ɗora wa wufa, muryar takan fito a wanke, amfilifaya ma ta samu sauƙi. Mutane da yawa sun sayi wufa don bes, abin da ya fi burge su daga baya shi ne yadda tsakiyar sautin ya buɗe.

Mataki na huɗu: zaɓen wufar

A yau kusan duk wufar gida tana zuwa da amfilifayarta a ciki, ka sa mata wuta ka ba ta sauti kawai. Irin wannan za ka nema. Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne na akwati. Akwai rufaffiya ruf, akwai mai ƙofar iska. Mai ƙofa tana ba da ƙara mai yawa a kan wuta kaɗan, amma akwatinta ya fi girma, kuma ƙasa da inda aka saita ƙofar sautinta yana faɗuwa da sauri, wajen 24 dB a kowane zango. Rufaffiya ta fi ƙanƙanta, tana janyewa a hankali, 12 dB a zango, ɗaki kuma yakan taimaka mata ya cike abin da ta rage. Ga kiɗa a ɗaki ƙarami ko matsakaici ni rufaffiya nake zaɓa, don ta fi sauƙin haɗuwa da sifiku. Amma maganar da ake yawan yi cewa mai ƙofa ba ta dace da kiɗa ba, ko babban faifai yana da nawa, ban yarda da ita ba. Yawancin abin da ake kira nawar bes, ɗaki ne ke riƙe amo yana jan sa bayan an daina bugawa.

Girman faifai: inci 8, 10, 12 ko 15. Faifai mai inci 12 yana da faɗin da ya kusa ninka na inci 6.5 sau huɗu, shi ya sa yake tura iska ba tare da wahala ba. In sifikunka suna kai wa 50 Hz, wufa mai inci 8 da ke sarewa a 40 ba ta ƙara maka abin a zo a gani ba. Nemi wadda ke kai wa 30 Hz ko ƙasa da haka da gaske. Inci 10 ko 12 ya ishi yawancin ɗakuna.

Kada lambar wat ta ruɗe ka. In ka ga an rubuta PMPO da dubban wat a jikin kwali, talla ce kawai. RMS ake dubawa, wato wat ɗin da take iya bayarwa a kai a kai, shi ma ba shi kaɗai ke nuna ƙarfi ba. Abin da ya kamata ka juya bayan akwatin ka tabbatar akwai shi: maɓallin ƙara, maɓallin kan iyaka wanda ake rubuta wa "Crossover" ko "Low Pass", da na "Phase", mai daidaita tafiyar wufa da ta sifiku. In na ƙarshen nan mai murɗawa ne daga 0 zuwa 180, ya fi mai matsayi biyu kawai. Sannan ka duba irin mashigar da take da ita, ka gwada da bayan amfilifayarka tun kafin ka biya. In da hali, ka sayi wadda za a karɓa in ka mayar, don wufa ba a sanin halinta sai a ɗakin da za ta zauna.

Mataki na biyar: haɗa wayoyi

Kashe komai tukuna. Hanyoyi uku ne. In kana da rasiba irin ta sinimar gida, ko amfilifaya mai mafita da aka rubuta wa "Sub Out", waya guda mai kan RCA ta isa, daga nan zuwa mashigar wufa da aka rubuta wa "LFE" ko ta hagu. In amfilifayar tana da "Pre Out" na hagu da dama, ja wayoyi biyu zuwa mashigai biyu na wufar. In kuwa tsohuwar amfilifaya ce wadda ba ta da ko ɗaya, sai ka nemi wufa mai karɓar sauti daga wayar sifika: ka ja ƙarin wayoyi daga inda sifikun suke ɗaure a bayan amfilifaya zuwa wufar. Wannan ba ya ƙara wa amfilifaya nauyi, don wufar leƙen sautin kawai take yi, ba ta jan ƙarfi. Kamfanin REL na Birtaniya ma wannan hanyar ya fi so. Sai dai a kula: akwai amfilifayoyin da baƙar mahaɗarsu ba ta haɗe da ƙasan lantarki, wato "ground", kuma haɗa baƙaƙen biyu wuri guda na iya lalata su. Karanta littafin amfilifayarka kafin ka bi wannan hanya.

In ka kunna ka ji wani "mmm" da ba ya tsayawa, wannan amon wutar lantarki ne, 50 ko 60 Hz gwargwadon ƙasar da kake. Yawanci yana tafiya in ka sa wufar da amfilifayar a soket ɗaya. Kada ka cire ƙafar filogi ta uku don ka kashe shi, ita ce ke kare ka in wuta ta zubo a jikin akwati.

Mataki na shida: neman wuri, inda rabin aikin yake

Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Saboda haka igiyar sauti ta 40 Hz tsawonta ya haura mita 8 da rabi, ta 20 Hz kuma mita 17. Sun fi ɗakin da kake ciki tsawo. Igiya ta tashi ta bugi bango ta dawo ta haɗu da mai zuwa, a wani wuri su taru su yi ƙarfi, a wani wuri su kashe juna. Kowane ɗaki yana da adadin da yake so, kuma kana iya lissafa shi: raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin. Ɗaki mai mita 5 zai yi amo a wajen 34 Hz, da kuma ninkinsa 69. In faɗinsa mita 4 ne, akwai wani a 43. In rufin yana mita 2.5, nasa 69 ne, ya faɗa kan na tsawon, sai ka ji duk waƙar da ta taɓa wannan wurin tana ruri. Ɗaki mai tsawo da faɗi iri ɗaya ya fi kowane wahala saboda wannan dalili.

Abu biyu ke fitowa daga lissafin. A jikin bango duk waɗannan amo suna da ƙarfi, a tsakiyar ɗaki kuma na farkon yana mutuwa. In kujerarka tana tsakiyar ɗaki daidai, ko wufa goma ka sa ba za ka ji 34 Hz ɗin nan ba, sai dai maƙwabta su ji. In kuma tana manne da bangon baya, komai zai yi ruri. Matsar da kujera rabin mita wani lokaci ya fi sayen sabuwar na'ura.

A nan ne wufa ta fi manyan sifiku. Sifiku biyu dole su tsaya inda za su ba ka hoton makaɗa, wannan a hagu, wancan a dama, mawaƙi a tsakiya. Wurin da ya dace da wannan ba safai yake dacewa da bes ba. Ƙasa da 80 Hz kuwa kunne ba ya iya nuna inda sauti ke fitowa, don haka wufa tana da 'yancin zuwa duk inda ɗaki ya fi karɓar ta.

Yadda ake nemo wurin akwai ban dariya, amma yana aiki. Ɗauki wufar ka ɗora ta a kan kujerar da kake zama, kusa da tsayin kunnenka in zai yiwu. Kashe sifikun ko ka rage su. Sa waƙa mai bes da ke hawa da sauka, ba mai buga amo ɗaya ba, ka sa ta maimaita kanta. Sai ka durƙusa ka yi rarrafe a gefen bango, kanka kusa da ƙasa, kana tsayawa a duk inda wufar za ta iya zama. Ba inda ya fi ƙara kake nema ba. Kana neman inda kowane amo na bes ɗin ke fita da nauyi ɗaya, babu wanda ya yi tsalle, babu wanda ya nutse. Sa alama a wurare biyu ko uku. Mayar da wufar can, kai ka koma kujera, abin da ka ji a can shi za ka ji a nan, don hanyar sauti ɗaya ce ko ta wane ɓangare aka bi ta. Ka rufe ƙofa kafin ka fara, in ba haka ba mutanen gida za su ɗauka wani abu ya same ka.

Kusurwa tana ƙara ƙarfi sosai, don bango biyu da ƙasa suna taya wufar turawa, amma tana tayar da duk amon ɗakin a lokaci guda. Ni ma da na sayi ta farko a kusurwa na jefa ta, don a nan ne ba ta tare hanya. Na yi makonni ina zargin akwatin, ina cewa an cuce ni, har na kusa mayar da ita. Da na ja ta kamar mita ɗaya a jikin bangon gaba, sai ta zama wata aba daban. Ban taɓa maɓalli ko ɗaya ba.

In kujerun sauraro sun fi ɗaya, wufa guda ba za ta gamsar da kowa ba. Todd Welti na kamfanin Harman ya yi bincike a kan wannan a 2002, ya nuna cewa wufa biyu a tsakiyar bangaye biyu masu fuskantar juna suna daidaita bes a wurare da yawa fiye da guda ɗaya, huɗu kuma sun ɗan fi biyu. Don haka matsakaita biyu sukan fi ƙatuwa ɗaya. Amma fara da ɗaya, ka koyi halinta.

Mataki na bakwai: kan iyaka

Kan iyaka shi ne inda sifiku ke miƙa wa wufa aiki. In kana da rasiba ko amfilifaya mai raba sauti da kanta, shiga saitinta ka nuna mata sifikunka ƙanana ne, wato "Small", ko da kana ganin girmansu. Sa iyakar a 80 Hz, adadin da kamfanin THX mai tsara ƙa'idojin sautin sinima ya tsayar kuma aka fi bi. A jikin wufar kuma murɗe maɓallin iyaka zuwa ƙarshe, ko ka kashe shi, don kada a tace sautin sau biyu. Sifiku 'yan mitsi-mitsi za su buƙaci 100 ko 120, amma a nan kunne ya fara gane inda wufar take, sai ka ajiye ta a gaba tsakanin sifikun.

In amfilifayar ba ta rage wa sifikun komai, suna fitar da duk abin da za su iya, to wufar za ta shigo ne daga inda suka gaza. Ka tuna gwajin mataki na biyu. In sun fara janyewa a 55, sa iyakar wufar a 50 zuwa 60. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar ta a 100 ko sama, sai su biyun su taru a kan zango ɗaya, bes ya kumbura, muryar namiji ta riƙa fita kamar daga cikin tulu. A wannan tsarin ba ka samu ribar sauke wa sifiku kaya ba, ƙarin ƙasa kawai ka samu, kuma yana da kyau ka san haka tun farko.

Mataki na takwas: daidaita tafiyarsu, sannan ƙara

A kan iyakar, sifika da wufa suna fitar da sauti ɗaya. In ɗaya tana tura iska lokacin da ɗayar ke ja, sai su cinye juna, a samu rami a daidai inda ganga take. Sa sautin gwaji a adadin iyakar, ka zauna a kujera, wani ya riƙa juya maka maɓallin "Phase" tsakanin 0 da 180. Inda sautin ya fi ƙarfi shi ne daidai. In maɓallin mai murɗawa ne, ga dabara: juya wayoyin sifikun biyu, ja a wurin baƙi, ka sa a murɗa har sautin ya kai ƙarshen raguwa, sannan ka mayar da wayoyin yadda suke. Kunne ya fi gane inda sauti ya mutu fiye da inda ya kai ƙololuwa.

Ƙara ita ce ta ƙarshe, kuma a nan son zuciya ke shigowa. Ka kashe kuɗi, kana so ka ji abin da ka saya. Fara daga sifili, da waƙar da ka sani sarai, ka riƙa ɗagawa har ka ji wufar ta bayyana, sai ka koma baya kaɗan har ta ɓace. Ainihin gwajin shi ne ka sa wani ya kashe ta ba tare da ya gaya maka ba. In an kashe ka ji waƙar ta rame, ɗakin ya ƙanƙance, to ta zauna daidai. In kuwa tana kunne kana iya nuna ta da yatsa ido rufe, ta yi yawa ko iyakar ta yi sama. Gwada da waƙoƙi iri-iri, har da labarai na rediyo: mai karanta labarai bai kamata ya girgiza tebur ba.

Wani abu game da kunne: tun 1933 masu bincike Fletcher da Munson suka nuna cewa in aka rage murya, sauti mai kauri ne ke fara ɓacewa a jin mutum. Saboda haka saitin da ya yi daidai da rana zai zama kamar babu bes da daddare in ka rage. Yi saitin a muryar da ka fi yawan ji, ka bar shi. Bayan sati guda ka sake saurara. Kusan kowa yakan ƙara ragewa.

In kana son ka wuce kunne

Akwai manhaja kyauta mai suna REW, in aka haɗa ta da makirfon awo irin UMIK-1 na miniDSP tana zana maka duk tudu da kwarin da ke ɗakinka. Rasibobi da yawa ma suna zuwa da nasu tsarin, irin su Audyssey, Dirac Live ko YPAO na Yamaha, ka sa makirfo a kujera su yi lissafin da kansu. Suna da amfani ƙwarai wajen aske tudu, wato amon da ya yi yawa. Kwari kuwa ba a cike shi da ƙarin wuta, don duk abin da ka ƙara, wanda ke dawowa daga bango ya kashe shi ma ya ƙaru daidai da shi. Maganinsa matsar da wufa ko kujera. In tsarin ya nuna wufar ta fi nisan da take da gaske, kada ka gyara masa: na'urorin cikinta suna ɗan jinkirta sauti, kuma kowace mita guda daidai take da kusan kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa, jinkirin ne ya lissafa.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Za ka ji wasu kaya a ɗakin sun fara kuka, firam ɗin hoto, ƙofar kabad, gilashin taga. Bi su ɗaya bayan ɗaya da sautin gwaji ka toshe su da ɗan roba ko tsumma. In daɓen katako ne, sa wa wufar ƙafafun roba masu kauri, zai rage abin da ke bin ƙasa, ko da yake wanda ke bin iska yana nan. Mai na'urar faifan garmaho kada ya ɗora ta kusa da wufa ko a kan kanta ɗaya da ita, allurar tana ɗaukar girgizar ta mayar cikin amfilifaya, abin ya riƙa zagayawa har ya zama ruri. Idan ka gama, ɗauki hoton bayan wufar da wayarka, ka kuma manna ɗan tef a ƙasa inda ƙafafunta suke, don ranar da aka yi shara ko yaro ya murɗa maɓallan ka iya mayar da komai cikin minti biyu.